Aikin kula da yara da iyali a Maradi: inda za ka fara, da yadda ake kaiwa ga bincike

Duk shekara in anka hitar da sakamakon bak sai wayata ta cika da saƙon ƙanne da ɗiyan ƴan uwa, wai Yaya mi za mu karanta mu samu aikin proje irin naka, muna ganinku cikin manyan motoci masu eriya kuna tahiya ƙauye. Na gaji da maimaita magana guda a WhatsApp, shi ya sa na ce bari in zamna in rubuta sau ɗaya kowa shi karanta. Kuma tun yanzu in gaya muku, motar nan mai eriya ta shugabanni ce da baƙi, mu da ke bin dosiyen yara galibi moto ce da rairayin hanyar Dakoro, wani lokaci ma ƙafa. Ni da anket na fara, ina riƙe da takardar tambayoyi gida gida, daga baya na yi shekaru ina aikin sosiyal, yanzu ƙafata guda na teran, wato aiki cikin jama'a, guda na wajen bincike. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙi amma ƙannena mata da ku nake, kun ma hi mu samun shiga a aikin nan don ku ne ke wucewa cikin gida kai tsaye mu muna tsaye zaure muna sallama.

Mataki na 1: ka je ka ga aikin da idonka

Kahin ka kashe kuɗin tsoho wajen biyan lakwal, ware sati guda. Tahi tasha da sassahe ka zamna ka dubi yaran da sunka kwana nan, ka zaga babbar kasuwa ka ƙirga ƴan mata nawa ke talla lokacin da ya kamata suna aji, in kana da wani sani a likita ka roƙa a bar ka ka leƙa wajen da ake kwantar da yara masu tamowa cikin watan Agusta ko Satumba lokacin da zazzaɓin sauro da ƙarewar hatsi ke haɗuwa. In ka dawo gida ba ka iya cin tuwo ba, ba komi, kowa haka ya fara. Abin dubawa shi ne washegari za ka iya komawa ko a'a.

Aikin asistan sosiyal a taƙaice shi ne ka tsaya tsakanin yaro ko iyalin da ke cikin matsala da wuraren da za su iya taimaka musu: likita, lakwal, meri, alƙali, mai gari. Kai ba ka da magani, ba ka da hukunci, kuɗi ma ba ka da su. Abin da ke hannunka kunne ne da ƙafa da bik. Wuraren aikin kuwa akwai cibiyoyin gwamnati na kare yara da ake ce ma CEPPP (tsofaffin ma'aikata har yanzu SEJUP suke cewa, sunan da), akwai ofishin jiha na kare yara, sashen sosiyal na asibitoci, wajen alƙalin yara, gidan kaso, sai ƙungiyoyi na gida da na waje irin su Save the Children, World Vision, CARE, da Unicef wadda ita galibi ta hannun wasu take aiki. Tun 2019 kuma da mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina sunka gudo yankin Gidan Runji da Madarunfa saboda ƴan bindiga, aiki ya ƙaru a garuruwan da anka zaunar da su kamar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Mataki na 2: karatu

Hanya biyu ce babba. Ta farko makarantar lahiya, ENSP, wadda ta daɗe tana horar da asistan sosiyal tare da ma'aikatan jinya, karatun akwai sitaj da yawa kuma shi ne ya hi kusa da aikin gwamnati. Akwai makarantu masu zaman kansu ma da ke ba da irin wannan diplom ɗin, amma don Allah kahin ka biya ko dala ka tabbatar gwamnati ta amince da reshen da za ka karanta, kar ka tsaya ga allon da anka rataya bakin ƙofa, na san waɗanda sunka yi shekara ukku sunka hito da takardar da ba a karɓa wajen konkur.

Ta biyu jami'a: sosiyoloji, ilimin halayyar ɗan adam, ko shari'a. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan gida ƙarhinta na wajen noma da kimiyya da likitanci, don haka mai son sosiyoloji sai shi ɗauki jakarshi ya Damagaram jami'ar André Salifou ko Yamai jami'ar Abdou Moumouni, mai son shari'a kuma ga Tawa ga Yamai. Lisansi shekara ukku, masta shekara biyu. In burinka bincike ne to nan ce hanyarka, amma ka sani wanda ya hito jami'a ya iya kawo sunayen Turawa masana a baki, in anka ce mishi ga uwa nan tana kuka ɗanta na komisariya sai ka ga ya rasa ta cewa. Wanda ya hito ENSP shi kuma ya iya uwar amma rubutun rapor na ba shi wahala. Kowanne ka zaɓa, rabin da ya rage kai za ka biɗo shi da kanka.

Faransanci dai dole ne, da shi ake rapor. Ingilishi ko kaɗan ne ka koya, yawancin littattafan aikin da shi suke hitowa, kuma ga Katsina nan kusa da mu. In kana jin Hillanci ko Tamajak kada ka ɓoye shi a CV, wajen Bermo da arewacin Dakoro zinariya ne.

Mataki na 3: ka haddace ƴan dokokin nan

Ba sai ka zama lauya ba, amma akwai abin da in ba ka sani ba ɗan sanda zai juya ka kamar waina.

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya an amince da ita 20 ga Nuwamba 1989, Nijar ta sa hannu ta tabbatar a 1990, kuma a cikinta duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Afirka ma na da tata ta 1990. A gida, dokar 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014 ita ke tsara kotunan yara, ta gaji wadda anka yi a 1999, ka biɗe ta ka buga ka aje cikin jaka don alƙalin yara ba na masu laihi kaɗai ba ne, har yaron da ke cikin haɗari shina da hurumi a kanshi. Yaron da bai kai 13 ba doka ba ta ɗora mishi alhakin laihi. Dokar aiki ta 2012 ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki. Fataucin mutane akwai dokar 2010-86. Dikiri na 2017-935 na watan Disamba 2017 shi ne na kare yarinya mai karatu. Sai takardar aihuwa, dokar 2019 ta ba da kwana 60 a yi sanarwa, in lokacin ya wuce sai an bi ta wajen alƙali an yi jujman, kuma rabin wahalar da za ka sha a aikin nan daga rashin takardar nan take, don yaron da ba a san shekarunshi ba ƙaƙa za ka ce ma komise bai kai 13 ba?

Maganar aure kuma ka riƙe ta da kyau don nan sababbi ke faɗuwa. Kundin dokar farar hula ya ce namiji 18 mace 15, kuma akasarin aurenmu ma ba ta nan yake bi ba, ta al'ada da addini ake ɗaura shi. Don haka in ka shiga gidan mutum kana cewa doka ta hana aurar da yarinya kahin 18 za a samu wanda ya hi ka sani ya kunyata ka gaban jama'a.

Mataki na 4: sitaj da dosiye

Wannan ba shi da tsawo. Tun kana shekara ta biyu ka fara rubuta takardar neman sitaj ka kai da hannunka, ka koma bayan sati ka gaida sakatare, ka sake komawa. Ko babu ko sisi ka karɓa in kana da inda za ka ci tuwo, sannan kada ka bar wurin sai da atestasiyo mai kan sarki da kwanan wata. Ka haɗa kopi legalize na diplom, takardar aihuwa, nasiyonalite, katin ANPE (ofishin masu neman aiki), shi kuwa kaziye judisiyer, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, wata ukku kawai yake yi sai ka bari sai an buƙata. Ka koyi tuƙa moto cikin rairayi, ke ma ƙanwata. Wanda ya gama jami'a shi yi serbis sibik, shekara biyu ce, ka yi ƙoƙari a tura ka inda ake ganin yara ba inda za ka riƙa kai takardun sa hannu daga ofis zuwa ofis ba. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sama maka aikin ƙungiya ɓarawo ne.

Mataki na 5: bin dosiyen yaro, inda aikin yake

A takarda abin a jere yake: a gano yaro, a rubuta shi, a bincika halin da shike ciki, a tsara abin da za a yi, a aiwatar ko a miƙa shi inda ya dace, a riƙa bibiya, in komi ya daidaita a ruhe dosiye. Kowace formasiyo ka je wannan za a zana maka a allo. Abin da ba a zanawa shi ne ta wace ƙofa za ka shiga.

Shekarata ta farko wani mushe ya kira ni daga wani ƙauye kudancin jiha, ya ce akwai ɗalibarshi mai ƙoƙari an sa ranar aurenta bayan kaka, shekarunta ba su wuce 14 ba. Na hau moto da zahina, rigar aiki a jiki, na tsaya ƙofar gidan uban na yi sallama ana kallo, ban biya ta wajen mai gari ba ban gaida kowa ba, na fara karanto mishi haƙƙin yara. Dattijon bai ɗaga murya ba, har hura ya sa anka kawo mini, ya ce "to yaro mun ji, Allah shi yi albarka". Na dawo Maradi ina jin na yi aiki har na rubuta a rapor cewa an wayar da kan uba. Kwana goma mushen ya bugo ya ce an tsallaka da yarinyar wajen goggonta a Najeriya, can anka ɗaura. Shi kanshi mushen sai da zaman garin ya gagare shi don kowa ya san shi ya kira ni. Har yau in na bi hanyar Ɗan Isa sai abin ya faɗo mini.

Wata babbar ma'aikaciya da muke ce ma Inna ita ta zaunar da ni, ba ta yi mini faɗa ba, ta ce "ɗana, kai ka je ka kunyata shi ne, mutumin da ya riga ya karɓi kayan mutane ya ci, in ya fasa da wane ido zai dubi gari?" Daga nan na koyi tsarin da nake bi har yanzu, ga shi.

Da farko kada ka motsa sai ka san ko ran yaron na cikin haɗari yau ɗin nan. In fyaɗe ne ko duka mai rauni ko tamowa mai tsanani babu zancen lallashi, likita tukuna, kuma a fyaɗe awa 72 na farko su ne ake iya ba da maganin kariya daga sida, kada ka bari a ce a jira a yi sulhu cikin gida. Ka san sashen ƴan sanda mai kula da yara, ka san ofishin prokirer, ka riƙe lambobinsu tun ba ka buƙata ba. Awon damtse ma ka iya, na yara ƴan wata 6 zuwa 59, in ya faɗa ja wato ƙasa da santimita 11.5 ko ka danna ƙafa ta lotsa ba ta taso ba, sai a tahi, kuma ka tuna ma uwa cewa tun 2006 an ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ko da shike wani lokaci a tarar babu maganin sai an saya.

In ba na gaggawa ba ne, to ka sassauta. Ka fara da mai gari ko mai unguwa, gaisuwa kawai, ka faɗi ko kai wane ne. Ka tambaya ko garin na da kwamitin kare yara, akwai su a garuruwa da yawa, wasu na aiki wasu suna ne kawai. Sannan ka biɗi wanda ke da ta cewa a gidan, sau da yawa ba uban ba ne, kaka ce ko goggo ko wan uba da ke Legas shina aiko da kuɗi. Ka gano mi ya kawo maganar: bashi ne, tsoron abin kunya ne don koleji na wani gari kuma babu gidan da za a aje ta, ko yarinyar ce da kanta ke so don duk sa'o'inta sun tahi ɗaki ita kaɗai ta rage? Wannan na ƙarshen yana faruwa fiye da yadda rapor ke faɗa. Kowanne da maganinshi. In rashin masauki ne aikinka biɗar amintaccen gida kusa da koleji, in bashi ne ka duba ko uwar na cikin asusun mata, irin na Mata Masu Dubara da anka faro nan jihar Maradi a 1991 yanzu ya zaga duniya. Liman ka je mishi da ladabi a matsayin mai tambaya, kada ka je kana jawo mishi aya, ya hi ka sani. Kuma ka bar ma uban hanyar hita da mutuncinshi, a ce an ɗaga biki sai ta gama birbe, shi ne zai sanar da bakinshi ba kai ba. Wani lokaci a dace, wani lokaci ka yi duk wannan a ɗaura, sai aikinka ya koma ganin ta ci gaba da karatu ko ta riƙa zuwa awo in ciki ya zo, don wanda ya taɓa zuwa Danja ya ga ƴan matan da ke jiran aikin yoyon hitsari ba zai ce dosiye ya ƙare ranar ɗaurin aure ba.

Magana da yaron kanshi: ka zamna ƙasa daidai da shi, inda ana hango ku amma ba a jin ku, kada ka kulle ƙofa da ɗan mutane ko da wasa. Yarinya mace ta yi mata magana in da hali. Kada ka sa mishi magana a baki, "ai wane ne ya taɓa ka, ko ba haka ba?" ba tambaya ba ce, ka ce ba ni labarin ranar. In ya yi shiru ka bar shi, yaranmu an hore su kada su dubi babba cikin ido, shirun ba ƙarya ba ne. Kada ka yi alkawarin abin da ba ka da shi, kuma kada ka ce ba zan gaya ma kowa ba, ka ce ba zan gaya ma kowa ba sai wanda zai taimake ka kuma sai na sanar da kai.

Almajirai kuwa, mayar da yaro gida ba loda shi mota ba ne a ɗauki hoto. In ba ka je ka ga gidan ba, ba ka san mi ya hitar da shi ba, kahin ka gama rubuta rapor ya rigaye ka dawowa tasha. Malamin ma ka zamna da shi, da yawansu an jibge musu yara talatin babu ko tiya guda ta hatsi.

Mataki na 6: kaye

Ka sayi kaye mai kauri, kullum da dare ka rubuta abin da ka gani da abin da anka ce, da kalmomin da anka faɗa da Hausarsu, ra'ayinka kuma ka sa shi gehe guda daban. "Uwar ba ta kula da shi" ra'ayi ne. "Na tarar da shi ƙarhe 11 bai karya ba, uwar ta tahi gona tun asuba" shi ne abin da ka gani. Suna kada shi shiga, lamba za ka sa, dosiye na ainihi kuma a kabad mai makulli. Hoton yaro a Facebook ko status wai don a tausaya, haramun ne a aikin nan, Maradi ƙarama ce, wanda ke unguwar Zariya ya san na Bagalam. Ko matarka kada ka ba ta labari da suna.

Kayen nan shi ne zai kai ka mataki na gaba, don bayan shekara biyu in ka buɗe shi za ka ga abu guda na ta dawowa, kuma tambayar bincike ta gaske daga nan take hitowa.

Mataki na 7: shiga bincike

Ƙofar da kowa ke bi ita ce anketer. INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, na ɗauka in za a yi babban ƙidaya ko anket, ƙungiyoyi na ɗauka, Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitocin nan MSF, na da cibiyar bincike nan Maradi, su ne sunka yi gwajin rigakahin gudawar yara a yankin Madarunfa. Ka koyi KoboCollect ko ODK, manhajojin cika tambayoyin anket, a wayarka, kyauta ne, cikin sati ka iya. Excel ka iya shi da gaske ba na rubuta suna ba, daga baya ka ɗora manhajar nazarin alƙaluma irin SPSS ko Stata ko R.

Abu biyu ke raba anketer na kirki da na banza. Na farko amana. Akwai masu zama gindin bedi su cika fish, wato takardar tambayoyi, ashirin da ka, na gani da idona a wata anket, kuma abin takaici da alƙaluman nan ake yanke inda za a kai taimako. Yanzu tablet na ɗaukar wuri da lokaci, ana kamawa, kuma in an kama ka sunanka ya zaga duk ofisoshi. Na biyu harshe. Tambayoyin da Faransanci ake rubuto su, kai ne za ka mayar, to ƙaƙa za ka ce "menaj", wato iyalin da ke ci tukunya guda, a gidan da ke da ƴan uwa huɗu da matansu ana tukunya guda da damana, da rani kowa tashi? In ka tambayi uwa ɗiyanki nawa, wata ba za ta ƙirga ɗan fari ba don kunya, wata za ta haɗa da na riƙo, waɗanda sunka rasu kuma sai ka bi a hankali. In ka ce ana dukan yaro a gidan nan kowa zai ce a'a, in ka ce in ya yi rashin ji ƙaƙa ake horonshi sai a buɗe maka. Shekaru ma sai da kalandar abubuwan da sunka faru, an haihe shi kahin korona ta 2020 ko bayanta, kahin juyin mulkin 2023, da kaka ne ko da bazara, sallar layya ta wuce? Irin wannan ka tada shi tun a wajen formasiyo a daidaita, kada kowa shi tahi da tashi fassarar.

Alƙaluman da za ka ji ana ta maimaitawa ka san asalinsu. Anket ɗin lahiya da yawan jama'a ta 2012 ita ta nuna kashi 76 cikin 100 na mata ƴan 20 zuwa 24 an aurar da su kahin 18, kashi 28 kahin 15, jihar Maradi kuma ta hi kowa da kashi 89. Ƙidayar 2012 ta ba jihar mutum miliyan 3.4. In za ka kawo su ka faɗi shekarar, kada ka ce "a yau". Kuma lamba na gaya maka yawa ne kawai, dalilin sai ka zamna kan tabarma. Dubi 2005, Maradi da ake ce ma rumbun ƙasa ita ce cibiyar tamowa, MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 a Nijar shekarar nan kuma kaso mai yawa daga nan ne, alhali hatsi na kasuwa, tsada ce ta hana saye. Wanda ya tsaya ga lamba zai ce a ƙaro abinci. Wanda ya zamna da mata zai ji zancen gona da ta ƙanƙance, da rumbun da maigida ke kullewa in zai tahi ci-rani, da yaye na farat ɗaya in sabon ciki ya shiga, da yadda biskit ɗin tamowa ke zagawa duk yaran gida don uwa ba ta iya ba guda ta hana sauran. Ko ka ɗauki matan Kance da ke tahiya Aljeriya da yara, a Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada bayan Arlit mafi yawansu mata da yara, kuma tahiyar ba ta tsaya ba. Mi ya sa? Tambaya ce da fish mai "i ko a'a" ba ta amsawa.

Don irin wannan binciken na zama da mutane ka karanta aikin LASDEL, cibiya ce a Yamai da anka kafa 2001, Jean-Pierre Olivier de Sardan na cikin waɗanda sunka kafa ta, rahotanninsu na kan intanet kyauta kuma akwai da yawa a kan lahiya da ƙauyukanmu. Ka karanta guda biyar kahin ka zaɓi batun memuwar, wato kundin binciken kammala karatu. Batun kuma ka matse shi, "matsalar yara a Nijar" ba batu ba ne. "Mi ke faruwa da ƴan matan ƙauye da anka aje gidan riƙo a Tasawa don koleji, cikin shekararsu ta farko" batu ne, kana iya gama shi da kuɗin aljihunka, kuma darektan koleji zai so ya ji amsar.

Kahin ka tambayi yaro ko kalma guda: izinin hukuma a rubuce, in binciken ya shahi lahiya sai ya bi ta kwamitin ɗa'a na ƙasa, yardar uwaye, sannan yardar yaron kanshi, in ya ce ba ya so an gama ko da uban ya ce "kai yi musu magana". Ka faɗa ƙarara cewa ba rabon kaya ba ne, don da an ga baƙo da tablet an ɗauka rubuta sunaye ake, sai kowa shi zama matalauci na ƙarshe. Kuma ka tanadi inda za ka miƙa yaro in cikin hira ya faɗi abin da ba a bari, nan ne wanda ya taɓa aikin sosiyal ya hi ɗan jami'a zalla. In ka gama ka koma garin ka gaya musu abin da ka samo da Hausa, a ƙofar mai gari, mata ma a yi musu nasu zaman. Mutanen ƙauye sun gaji da masu zuwa su kwashi magana su ɓace, wani tsoho ya taɓa ce mini ku kam kun hi fari, su ko sun ci suna barin kara.

Mataki na 8: kuɗi, jiki da hanya

Aikin gwamnati albashi kaɗan amma shina nan, sai dai jiran konkur. Na ƙungiya ya hi maiƙo amma kontira ce ta wata shida ko shekara, ranar da mai ba da kuɗi ya juya baya ko anka ruhe proje sai ka ga mai sabuwar moto ya koma zaman fada. Don haka wata ukku na farko kada ka ƙara aure kada ka ci bashin fili, ka shiga adashe, kuma ka aje wani abu don kuɗin masta. Kada ka zama ɗan farautar perdiyam, wato kuɗin halartar taro, mai yawo daga atelye zuwa atelye, ana gane su.

Kuɗin aljihunka kuma ka sa musu iyaka tun wuri, don kullum akwai uwar da ba ta da na kabu-kabu zuwa likita, in ka ce kowa za ka ba kahin 15 ga wata kai ma ka zama dosiye. Ka san asusun da ofis ke da shi na gaggawa da yadda ake cika takardarshi. Ka samu babba guda a aikin da za ka riƙa zuwa wajenshi kana sauke abin da ke ranka ba tare da suna ba, ni Inna ce har ta yi ritaya ban daina zuwa ba. In ka ga ka fara yi ma yaran gidanka tsawa babu dalili ko barci ya ƙaurace, ka ɗauki hutunka, ba a ba da lambar yabo don an ƙi hutu.

Garuruwan bakin iyaka kuma kada ka tahi sai ka kira mai gari ka ji labarin daren jiya, ka bi duk abin da hukuma ta ce game da hawa moto a yankin, ka gaya ma ofis inda ka nufa da lokacin dawowa, waya da caji, kuma la'asar ta same ka bisa kwalta.